Shuɗin Zakaran Malam

Ni ban yi boko ba. Allon ma ban yi nisa ba, iyakacin abin da zan yi salla da shi. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, wata Bazazzagiya da ta zo ƙarin karatu, ina faɗa tana bugawa. Ta tambaye ni sunan mijina, na ce ta bar wurin haka nan. Ban kira sunansa yana raye ba, ba zan fara yanzu da yake ƙasa ba. Malam nake ce masa. 'Yar tamu kuma ita ce ta fari, ita ce kuma kaɗai, don haka nata sunan ma ba zai fito daga bakina ba. Mai karatu sai ya yi haƙuri da mu a haka.

Malam ya riga ni zuwa Landan da shekaru masu yawa. Ɗan marina ne a Kano, mahaifinsa har ya koma ga Allah hannunsa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu. Shi kuwa nan ya zo ya yi gadi a wata kwaleji a Bloomsbury har gwiwoyinsa suka ce ya isa. Da ya ɗauko ni da yarinyar, kansul, wato hukumar unguwa, ta ba mu fulat a bayan Old Kent Road, hawa na biyu, tagar kicin tana kallon wata bishiya da ban san sunanta ba har yau.

Abin da ya fara ɗaure min kai a garin nan ba sanyi ba ne. Gumaka ne. Duk inda ka juya sai ka ga wani ƙato na dutse ko na ƙarfe a tsaye a kan dakali, wani da takobi, wani a kan doki, wani ko wando babu. Ranar da ya fara fita da ni cikin gari na ja mayafina na rufe rabin fuska, na ce, "Malam, ina ka kawo ni? Wannan ai zamanin jahiliyya ne bai ƙare ba."

Ya ce, "Ba gumaka ba ne, mutum-mutumi ne. Gunki bauta masa ake yi. Waɗannan kuwa ba mai ziyartarsu sai tattabaru, kin kuma ga abin da suke bar musu a ka."

Na duba, na ga gaskiyarsa. Wani babban soja ne a gabanmu, ƙirji a buɗe, kansa fari fat kamar an yi masa farar ƙasa. Na yi dariya, amma ban saki jiki da su ba. Shekara da shekaru in na zo wucewa ta gaban ɗaya sai in kau da kai. Ba ma na yawan haɗuwa da su, domin duniyata ba ta wuce inda ƙafa za ta kai ni ba: shagunan 'yan ƙasarmu da ke kan titi, mahaucin da yake ajiye min ƙashin miya, masallaci, gidan maƙwabta. In tafiya ta bas ce, Malam ne a gaba, ni a baya, in zauna kusa da taga in yi ta gyangyaɗi har ya taɓa ni ya ce mun iso. Lambar bas kam ina ganewa. Amma sunayen unguwanni da ake rubutawa, da matar nan ta cikin bas da take faɗar wurare da Turanci kamar ana korarta, duk ba nawa ba ne.

Sai ciwo ya zo wa Malam. Aka haɗa shi da wani asibiti a can Bloomsbury, kusa da inda ya yi aiki, ni kuma aka ce ina da yanar ido, aka sa ni a sashen ido na wannan asibitin. Bas biyu ake hawa. Yarinyar a lokacin ta yi aure tana Manchester, tana aiki a kantin magani. Ta ce za ta riƙa yi mana booking ɗin tasi. Malam ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa aika shi.

Akwai wani hali nasa da ya dame ni tun muna da ƙuruciya: sammakon banza. In likita ya ce da hantsi, Malam daga sallar asuba ya sa takalmi. Mu je mu zauna a kan kujerun asibiti kamar masu jiran gawa, masu shara suna cewa mu ɗaga ƙafa. In na yi ƙorafi ya ce bas ba ta da alkawari.

A hanyar asibitin nan ya fara abin da na ɗauka ciwon ne ya taɓa masa kai. Ya fara gaida mutum-mutumi. Mun taso daga unguwarmu mun iso babban shataletalen nan, inda a lokacin akwai wata jar giwa a gaban kasuwa ɗauke da ɗan ɗaki a bayanta, sai na ji ya ce a hankali, "Sannu da kaya, Hajiya giwa."

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Ke ba a koya miki gaisuwa ba a gidanku? Kullum muna wuce ta, ko sannu."

Na ce, "Ni ba na gaida dutse."

"To ki dai san ta. Ita ce ta farko."

A bakin gada akwai wani farin zaki. Shi kuma "abokin aiki" yake ce masa, wai duk su biyun masu gadi ne, bambancin kawai zaki ba a ba shi fansho ba. Da an ƙetare ruwa sai wata mata a tsaye a kan keken doki, hannu sama, dawakai biyu sun yi tsaye da ƙafar baya, ba linzami a hannunta. Ya ce, "Ga 'yar'uwarki. Ba linzami, ba birki." Na harare shi. Can gaba kusa da babban agogo sai wani dattijo mai ƙiba da kwat da sanda, ya sunkuyar da kai yana fushi. Malam ya sa masa Mai Fushi, ya ce daga gani an cinye masa tuwon dare ne. A tsakiyar titin da ke biye kuwa akwai wani baƙin dutse da aka rataya wa riguna da huluna, na ƙarfe, ba mutane a ciki. Nan kaɗai ba ya wasa. Ya ce na matan da suka yi aiki ne lokacin yaƙi. Ni dai kallon su nake kamar masu kayan sun ce yanzu za su dawo.

Daga nan sai zakara.

Duk wanda bai ga zakaran nan ba, ba zai yarda ba. Ƙato ne, ya fi ɗakinmu na Kano tsawo, yana tsaye a kan wani dakali a kusurwar babban dandalin nan na Trafalgar, shuɗi tun daga tsaiko har farce. Ba shuɗin sama ba, shuɗin baba na gaske, irin na rigar da ta sha marina. Idona a lokacin duk abin da ke nesa toka-toka yake gani, sama toka, gini toka, dogon ginshiƙin tsakiyar dandalin ma ɓacewa yake cikin hazo. Amma shuɗin nan tun daga nesa yake dukan idona. Malam kuwa in ya hango shi sai fuskarsa ta sake, ko da ya kwana bai yi barci ba.

"Kin gan shi? Tsomi bakwai wannan. Da Baba ya gan shi sai ya nemi wanda ya rina."

Na ce, "Da Baba ya gan shi sai ya nemi wuƙa. Unguwa guda ce za ta ci."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Ki ji ni da kyau. Da zarar kin hango zakara, ki danna ƙararrawa. Kada ki danna kafin ki gan shi."

Na ce, "Ni zan danna? Kai ina za ka?"

Sai ya nuna min maɓallin da haɓa. Na danna. Muka sauka, muka ratsa dandalin ta tsakanin wasu baƙaƙen zakuna guda huɗu da yara suke hawa, muka je gefen coci muka hau bas ta biyu. Ita kuma alamarta wani lambu ne da ake sauka a gefensa, a bi ta gaban wani bature mai doguwar riga da ya dafa garma. Malam ya ce wannan bai taɓa noma ba, a dubi hannunsa. Daga gaban Mai Garma asibiti ba nisa.

Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma yi min tambaya kamar malamin allo. Mu wuce giwa ya ce, "Wa ke gaba?" In ce abokin aikinka. "Daga shi fa?" In ce marar linzami. In na yi gyangyaɗi ya zungure ni da gwiwar hannu, wai Mai Fushi yana kallona. Wata rana wata baturiya da ke zaune a gabanmu ta juyo tana murmushi, ta ga tsofaffi biyu suna musu a kan ko giwar mace ce ko namiji. Ni duk a zatona yana rage wa kansa tsoron asibiti ne. Ban gane abin da yake yi ba sai da ya gama yi.

Malam ya rasu a farkon sanyi, da rana, ina riƙe da ƙafarsa ina matsa masa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Bari in tsaya kaɗan, 'yar nan, ki ajiye abin rubutun.

To. Na yi takabata a fulat ɗin nan. Mata suka yi ta zuwa, daga Woolwich, daga ko'ina, wannan da tuwo, wannan da fura ta roba. Ban yi kuka a ɓoye ba, ban kuma iya ba har yanzu. In ya zo min a gaban mutane, a gaban mutane nake yi. Kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa tana rataye a bayan ƙofa inda ya bar ta ranar ƙarshe da muka dawo daga asibiti, da hularsa a kai. An raba sauran kayansa, wannan na ce a bar min.

Da na fita takaba yarinyar ta zo daga Manchester, ta zauna a bakin gado, ta fara zagaye-zagaye. Na san maganar tun kafin ta fito.

"Umma, mun gyara miki ɗaki a ƙasa, ba hawa bene. A mayar wa kansul fulat ɗin nan."

Na ce, "A mayar musu da me a ciki? Nan ya zauna, nan ya yi tari, nan ya yi min faɗa."

"Umma, wa zai riƙa kai ki asibiti? An riga an yi cancel ɗin ganin likitanki sau biyu. Ni ba zan iya barin aiki kowane wata ba. Idon nan kuma aiki za a yi masa."

Na ce, "Ni zan kai kaina."

Ta kalle ni irin kallon da nake yi mata tana ƙarama in ta ce ta wanke hannu. "Umma, bas biyu ne. Ba kya karanta komai."

"Ina da mutane a hanya."

"Su wa?"

Na ce, "Ba ki san su ba. Abokan babanki ne."

Muka yi ta ja har muka tsaya a kan magana ɗaya. Ranar ganin likita mai zuwa zan tafi ni kaɗai. In na je na dawo, a bar ni a ɗakina. In na ɓata, ko na kira ta a hanya ta nemo min mota, to in haɗa kayana ba gardama. Ta saita min waya yadda maɓalli ɗaya zan danna ta ɗauka. Na san a ranta ta riga ta sayi labulen ɗakin.

Ranar na tashi, na yi salla, na sha shayi. Ganin likita sai wajen azahar, amma na tsinci kaina da takalmi a ƙafa gari bai gama wayewa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kwat ɗin, na ce, ka ga abin da ka mayar da ni. Na sa katin bas na tsofaffi a jaka da dabino kaɗan, na fita.

Farko komai ya tafi daidai. Bas ta zo, na gane lambarta, na samu kujerarmu ta gaba. Giwa tana nan da kayanta. Ban gaishe ta ba, amma na ɗan gyaɗa kai yadda ba wanda zai lura. Farin zaki yana bakin aiki. Marar linzami ba ta faɗo ba. Mai Fushi bai huce ba. Da muka zo wurin rigunan da ke rataye sai na tuna kwat ɗin bayan ƙofa, na share ido da bakin mayafi don kada hawaye su hana ni ganin zakara. Na ɗora yatsa a kan maɓallin ƙararrawa, na zuba ido gaba.

Ba shuɗi.

Bas ta tsaya, mutane suka sauka. Wuri ya buɗe a gabana, fili babba, toka-toka, ga ƙarar ruwa, ga taron jama'a. Zuciyata ta ce min nan ne. Amma Malam ya ce kada in danna kafin in gan shi, kuma a duk tafiyarmu bai taɓa faɗa min abin da ba haka ba a kan hanya. Na ce wataƙila akwai wani fili kafin namu da ban taɓa lura da shi ba saboda surutunsa. Bas ta tashi. Na ci gaba da neman shuɗi. Muka shiga wani titi mai lanƙwasa da manyan kantuna, duk shuɗin da na gani sai na rigar mutane da na allon talla. Har wani yaro mai fukafukai na gani a kan ƙafa ɗaya yana harbin baka a tsakiyar hanya, wanda Malam bai taɓa gabatar min da shi ba. A nan na san na wuce. Amma ina zan sauka? Duk inda na sauka baƙuwa ce ni. Na zauna daram har bas ta kai ƙarshen hanyarta, direba ya kashe inji ya leƙo yana min alama da hannu.

Na sauka a wata unguwa da ban taɓa gani ba. Na zauna a kan bencin tasha, na ciro waya. Maɓallin yana nan, ɗaya tak. In na danna, cikin ɗan lokaci mota za ta zo, mai ɗumi, ta kai ni har ƙofar asibiti, daga nan kuma Manchester, ɗaki a ƙasa da sabon labule. Ba wai 'yata za ta wulaƙanta ni ba ne, yarinya ce mai jinƙai. Amma a can wa ya san Malam? Wace ƙofa ce ta san kwat ɗinsa? Na ci dabino ɗaya. Na mayar da wayar can ƙasan jaka, na ɗora mata carbi.

Na yi tunani irin na kasuwa: abin da ya kawo ka, shi yake mayar da kai in ka tsallaka titi. Na tsallaka, na jira mai irin lambar, na hau. Wannan karon na bar neman abin da ke sama, na sa ido ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutum. Muka sake bi ta cikin kantuna. Da wuri ya sake buɗewa sai na hango wani baƙin abu a kwance, yara biyu a kan bayansa, uwarsu tana ɗaukar hoto. Zaki. Sau nawa na ratsa ta tsakaninsu ina riƙe da hannun rigar Malam, ban taɓa ba su muhimmanci ba saboda shi ma bai sa musu suna ba. Na danna ƙararrawa da ƙarfi har sau biyu.

Ina sauka, maimakon in wuce gefen coci, sai ƙafata ta kai ni kusurwar zakara. Ina so in ga da idona. Dakalin yana nan. A kansa kuwa wani doki ne, amma ba nama ba fata, ƙwarangwal zalla, baƙi, haƙarƙari a waje, an ɗaura masa wani ƙyalle mai wuta a ƙafar gaba. Na tsaya ina kallon haƙarƙarin nan. A watannin ƙarshe in ina goge wa Malam jiki da tawul mai ɗumi haka nake bin nasa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cewa in yi a hankali kada in ɓalle masa guda. Sai kuka ya zo. Na zauna a kan matakala, a tsakiyar masu yawon buɗe ido, na yi abina da sauti. Da ya ɗan lafa sai faɗa ya biyo baya. Na ɗaga kai na ce wa dakalin, da Hausa, "To ina kuka kai shi? Wa ya ce ku taɓa shi?"

Sai na ji an ce a bayana, "Mma, zakara ka ke nema?"

Na juya. Wani magidanci ne da furfura a gemu, da riga mai ruwan ɗorawa irin ta ma'aikatan dandali, da tsinken tsintar shara a hannu. Daga jin yadda ya ce min "ka" na san mutumin zango ne, na Gana.

Na ce, "Ɗana, ka san shi?"

"Kowa ya san shi. Ya tafi, Mma. Kwanan baya suka zo da babban mota suka ɗauke shi."

"Laifin me ya yi?"

Ya yi dariya. "Ba laifi. Wannan dakali haka yake, ba shi da mai shi. Kowane abu ya zo ya yi lokacinsa, a sauke, a kawo wani. Kafin zakara yaro ne a kan dokin wasa. Kafin yaro, jirgin ruwa a cikin kwalba. Wannan doki ma baƙo ne, zai tafi."

Na ce, "Kowa ya san haka?"

"Duk wanda ya daɗe a gari."

Malam ya fi shekara arba'in a garin nan. Ya sani ke nan. Na zauna ina juya abin. Mutumin da ya bi ya zaɓar min giwa da zaki da Mai Fushi, masu zama daram, ya zo wurin da ya fi ko'ina muhimmanci ya ɗora ni a kan ɗan haya. Da farko haushi na ji. Sai kuma na gane. Shuɗin ne kaɗai idona yake kamawa daga nesa, shi kuma shuɗin gidansu ne. Ya kuma ɗauka yana nan za a sauke zakaran, mu zo tare mu ga magajinsa, ya sa masa suna, ya ce min to yanzu ga sabuwar alama. Duk shirin da ya yi min na tafiyarsa, a ransa bai yarda zai riga zakara tashi ba.

Na gaya wa mutumin zangon kaɗan daga ciki. Ya ajiye tsinkensa ya yi wa Malam addu'a, muka shafa. Ya ce zai raka ni har asibiti in an ba shi izini. Na ce a'a, akwai sharaɗi a kaina, ni kaɗai zan je. Ya ce to ko bas ya nuna min. Na ce na san ta, gefen coci. Na ba shi dabino, ya karɓa da hannu biyu.

"Mma, ka riƙe zakuna. Su ba su zuwa ko'ina. Tun kafin kakana suna nan kwance."

Na hau bas ta biyu, na sauka a gefen lambu. Mai Garma yana nan bai noma ko kunya ɗaya ba. Na shiga asibiti ina haki, na miƙa katina, ina jiran a ce na makara. Nas ɗin ta duba, ta nuna min kujera. Ashe da saura. Duk yawon da na yi, har ƙarshen hanya da dawowa da kuka da hira, sammakon Malam ya haɗiye shi, har na zauna jira masu shara suna cewa in ɗaga ƙafa. Na yi dariya ni kaɗai, wata tsohuwa 'yar Indiya da ke kusa da ni ta matsa gefe.

Komawa ba ta ba ni wahala ba, na bi su a juye, daga riguna zuwa giwa. Ina shiga gida ko mayafi ban cire ba waya ta yi ƙara.

"Umma, kina ina?"

"Ina ɗakina. Ina kike so in kasance?"

"Kin ga likita?"

"Na gan shi, ya gan ni. Ya sa ranar aiki."

Ta ce, "Ba ki ɓata ba?"

Na ce, "Ni ban ɓata ba. Zakara ne ya ɓata."

Sai da na ba ta labarin tun daga giwa. Ban rage komai ba, har ƙarshen hanyar da na kai da wayar da na ciro na mayar. Da na zo kan gaisuwar da babanta yake yi wa farin zaki sai na ji tana jan hanci. Ta ce ita bai taɓa nuna mata su ba. Na ce ke ai kina karanta allo, me za ki yi da su. Can ta ce, "To Umma, ki zauna. Amma wayar nan ki daina binne ta a ƙasan jaka." Na ce na ji. Labulen kuwa ashe da gaske ta saya, ta kawo min shi nan, shi ne wannan a tagar kicin.

Bayan an yi min aikin ido na koma na gan su tas. Ashe akwai tumaki a gindin Mai Garma. Ashe a saman dogon ginshiƙin nan akwai wani mutum tsaye shi kaɗai, ban taɓa sanin da shi ba. Giwa ma daga baya an rushe kasuwarta an matsar da ita, amma wannan karon ban rikice ba, na riga na san halin garin. Dokin ƙashi ya tafi kamar yadda mutumin zango ya faɗa. Aka kawo wani babban yatsa mai tsawon tsiya, na sa masa Madalla. Bayansa wani bijimin sa mai fukafukai da kan mutum, wanda aka ce min da gwangwanayen ruwan dabino aka yi shi, na sa masa Buɗa-baki. Aka kuma kawo wani tulin kirim irin na kan kek da ƙuda a jikinsa, wannan kam na rasa sunan da zan ba shi, na san da Malam ne da tun a bas ya samo.

Ba wanda ya kai zakara. Har yanzu in bas ta wuce wurin riguna sai na ɗaga ido kusurwar nan tukuna, sannan in sauke shi kan zakuna in danna ƙararrawa. In na dawo gida na rufe ƙofa, kwat ɗin tana motsawa kaɗan saboda iska, sai in rataya mayafina a kusa da ita in je in ɗora ruwan shayi.